Gurasar Rana a Ɗakin Sanyi

A Naga Sabra, ƙauyenmu da ke kudu da Sohag a ƙasar Masar, ba a tambayar gurasar wace ce. Idan aka yi rasuwa kowane gida ya fitar da tirensa zuwa zauren makoki, maza kan dubi kunnuwan gurasa su san hannun da ya yanka su. Ta wannan gida kunne uku, ta wancan biyu, ta wance kullum a karkace kamar bakin mai ita. Ta Ummu Haridi kunne huɗu ce a tsaye, kuma ita ake fara cinyewa.

Sunanta na yanka Bakhita, amma rabon da a faɗe shi a gaban maza tun ranar ɗaurin aurenta. Haka muke a kudu. Namiji ya gwammace a fasa masa kai da a ambaci sunan uwarsa a kan titi.

Tana 'yar shekara tara uwarta ta durƙusar da ita a gaban kwatarniya, ba ta kuma tashi ba. Ta auri Dahi manomin rake, ya mutu da ciwon hanta ya bar mata mata uku da namiji ɗaya. Da gurasa ta rene su. Duk biki, duk suna, duk dawowar alhazai, ita ake kira, a sallame ta da alkama. Aikin ba wani sirri ba ne, kowace mace a garin ta iya. Da asuba a kwaɓa gari da ruwan ɗumi da gishiri da tsamin da aka rage daga kwaɓin baya, a buga shi har ya daina kama hannu. A cura, a ɗora kowane curi a kan faifan laka da aka barbaɗa wa dusa, a jera a tsakar gida. Rana ce ke tayar da shi, shi ya sa ake ce mata gurasar rana. Ummu Haridi ba ta da agogo. Idan inuwar katanga ta taɓa gindin randa, ta san ya yi. Sai ta yanka kunnuwa da ƙayar dabino, ta zuba a tanderun da ta hura da karan masara. Shekara hamsin da ɗoriya ba ta fitar da gurasar da za ta ji kunyarta ba.

Ɗan nata Haridi kuwa ya bi sahun mazan garin zuwa ƙasar masu mai, can bakin teku, yana ɗaurin rodi a dogayen gine-gine. Su ashirin da wani abu ne daga Naga Sabra a sansani guda. Shekara huɗu ke nan ba a ba shi hutun da zai zo gida ba.

Wata ranar Litinin baƙar mota ta tsaya a ƙofar gidan Ummu Haridi, dagaci a gaba yana washe baki. Mutanen Alƙahira ne daga wani kwamiti na sada zumunci da ƙasashen waje. Shugabarsu Doktora Nermin, doguwa mai tabarau a saman kai maimakon ido. Mataimakinta Ustaz Medhat, wanda ya shigo yana ɗage ƙafar wando saboda kashin agwagi.

"Hajja, mun zo mu kai ki ki wakilci Masar," in ji Doktora.

"Masar ta rasa maza ne?"

Doktora ta yi dariya irin ta wanda ya tsinci abin da yake nema. "Kin ji ta ko, Medhat? Irinta muke so. Hajja, yanzu ba da bindiga ake cin ƙasa ba, da farin jini ake ci. Turkawa sun shiga kowane ɗaki da finafinansu, Indiyawa da waƙe-waƙensu, mutanen Sin da gadoji. Ƙasashe goma sha biyu masu tasowa za su baje kolin al'adunsu wuri guda, babu Bature ko ɗaya. Mu me za mu nuna? Dala kowa ya gaji da ganinta. Gurasar da Fir'auna ya ci za mu nuna musu."

"Fir'auna bai ci tawa ba, 'yata. Da ya ci da ya yi hankali. Ku sha shayinku ku kama hanya, rana na wuce ni."

Sai dagaci ya faɗi sunan birnin da za a yi taron. Hannun Ummu Haridi ya tsaya a kan buta. Birnin da Haridi yake ne.

"Akwai rana a can?" ta tambaya.

Ustaz Medhat ya ce, "Hajja, ranar can ƙwai take soyawa a kan mota."

"Tanderu fa?"

"An gina miki sabo fil. Ke dai ki zo da hannunki."

Ba Masar ce ta fitar da ita daga gida ba, kada wani ya yi muku ƙarya. Ta yarda ne don ɗanta ya ci gurasa mai zafi daga hannunta. Ta niƙa alkamarta rabin buhu, ta zuba tsami a kwalba ta naɗe da tsumma, ta ɗaure faya-fayan lakarta ashirin a cikin bargo, ta hau jirgi karo na farko a rayuwarta tana karanta duk addu'ar da ta sani.

Abin da ta tarar shi ne wani ɗaki mai faɗin gonar kadada goma, rufe ruf, babu taga ko ɗaya. Na'urorin sanyi na hura iska ta ko'ina har haƙoranta na haɗuwa. Kowace ƙasa da rumfarta. Ta Masar na da dala uku na gilashi masu canza launi, da tabarma guda a tsakiya, da tanderu. Ta je ta shafa shi, ta ƙwanƙwasa. Katako ne aka shafe da fenti kalar laka, a cikinsa jan ƙwan lantarki.

"Ustaz, wannan fa?"

"Tanderunki ne, Hajja. Dubi yadda ya yi kyau a hoto."

"Ina ake hura shi?"

"Ba a hura wuta a cikin zauren nan. Doka ce."

"To ina zan shanya kwaɓi?"

"Ba a fita da abinci a buɗe. Ita ma doka ce."

"Kai ka ce mini akwai rana."

"Akwai mana. Tana waje."

Ta dube shi tun daga gashin da ya shafe da mai har zuwa takalmi. "Uwarka ta san aikin da kake yi?"

Faya-fayanta kuma tuni an kwance su an kafe a bango da ƙusa, an yi jerin ado da su. Aka kawo mata farar riga mai wuyan zinariya da hular gashi irin ta zanen kaburburan Fir'aunoni. Hular ta ce sai dai a sa wa gawarta. Rigar ta yarda ta ɗora a kan baƙar tata, don sanyi.

Aikinta shi ne ta zauna a tabarma daga safe zuwa yamma tana murza kwaɓi guda a kwano, 'yan kallo na ɗaukar ta hoto. Kwaɓin ba ya tashi, ba ya zuwa ko'ina, da yamma a zubar. Ita da ko ɓarɓashi ta gani a ƙasa sai ta ɗauka ta sumbata ta ɗora a katanga. Gurasar da ake raba wa baƙi kuwa daga otal ake kawo ta a kwali kowace safiya. Burodin yisti ne fari fat, mai laushin auduga, an ja masa kunnuwa huɗu da almakashi. Ana zuba shi a jakar takarda mai ɗauke da fuskarta. Wannan fuskar dai an buga ta a ƙaton ƙyalle an rataye a jikin ginin daga waje, tsawon bene biyar, da wani rubutu a ƙasa. Ummu Haridi ba ta yi makaranta ba. Ta ɗauka sunan Masar ne.

Kwana uku ta haƙura. Ta ce a ranta, baƙo ba ya gyara gidan da ya sauka. Kowace safiya a ɗakin otal takan ciyar da tsaminta da cokalin gari, ta ajiye kwalbar jikin gilashin taga da ba ya buɗuwa, tana jiran Juma'a, ranar da kawai ake sakin leburori.

Ranar Laraba da azahar wayarta ta yi ƙara. Haridi ne, a hutun cin abinci.

"Umma."

"Ɗana, muryarka ta bushe. Ba ka cin abinci ne?"

"Umma, kin san abin da aka rubuta a ƙarƙashin hotonki?"

"Ina zan sani?"

"Sunanki ne."

"Ummu Haridi?"

"A'a. Sunanki. Motar da ke kai mu aiki ta nan take bi safe da yamma. Duk mai ido ya karanta."

Ta ji kamar an yaye mata mayafi a tsakiyar kasuwa. Sai ya ƙara da cewa, "Kuma shugaban aikinmu ya je jiya da iyalinsa. Ya kawo mana jaka uku ta gurasar, wai ga tsarabar garinmu."

"Kun ci?"

"Mun ci."

"To?"

Tana jin ƙarar injin a bayansa.

"Ka buɗe baki, ba na son kumbiya-kumbiya."

"Baffa Abdurradi ya ce tsufa ba ya barin kowa, har hannun Ummu Haridi."

"Wannan mai bakin akuyar! Shi da ya cinye gurasa shida shi kaɗai a makokin ubanka? Ba ka gaya musu ba tawa ba ce?"

"Na gaya musu. Suka ce to me fuskarki ke yi a jikin jakar?"

Ta san wannan tambaya ba za ta tsaya a sansani ba. Kowane ɗaya daga cikin mutanen nan yana da mata a Naga Sabra, kowace mata tana da waya. Kafin Lahadi duk garin zai ji cewa Ummu Haridi ta je ƙasar waje ta sayar da sunanta a kan burodin auduga.

Ta tashi daga tabarma a gaban 'yan kallo, hannu duk gari, ta sami Doktora Nermin a bayan dalar gilashi tana shan gahawa.

"Wa ya ba ki sunana?"

"A fasfonki yake, Hajja. Ai abin alfahari ne. Wannan ɓoye sunan mata tsohon yayi ne. Mun fito da ke duniya ta san ki."

"Na ce miki ina neman duniya? To ji nan. Ki sauke wancan ƙyallen, ki daina zuba ƙarya a jaka da fuskata. In ba za ki iya ba, ki ba ni rana ɗaya da wuta ɗaya. Mutanen garinmu za su zo ranar Juma'a."

"Juma'a minista zai zo da jakadun ƙasashen nan duka. Ƙarfe uku ina son ki a kan tabarmarki. Maganar wuta kuwa, tun bara ake neman izini. Turkawa sun nema, shi ya sa aka bar su suka gina nasu tanderun a farfajiyar baya."

"Ku kuna ina bara?"

"Muna shirya fitilun dala."

"Allah ya ba fitilu lafiya."

"Hajja, ki fahimce ni. Baƙin nan ba su taɓa cin ta gaskiyar ba. Ba wanda zai gane."

"Abdurradi ya gane."

"Waye Abdurradi?"

"Lebura ne. Ba ki san shi ba, kuma ba za ki sani ba."

Rumfar Turkawa tana daura da tasu. Mai yi musu gurasa wani ƙaton dattijo ne mai farin gashin baki, ana ce masa Usta Nejdet. Ba ya jin Larabci sai na salla, ita kuma ba ta jin nasa ko kalma. Amma tun ranar farko suke kallon hannun juna. Ya taɓa miƙo mata tasa, doguwa mai riɗi, ta ci ta nuna masa da yatsa cewa gishiri ya yi kaɗan. Shi ma ya ɗanɗana burodin otal, ya waiga ya tofar a hankici, ya dube ta da tausayi irin wanda ake yi wa mai takaba. Wannan kallon ya fi maganar Abdurradi ƙona mata rai.

Ranar Alhamis ta zo da kwalbarta a ƙarƙashin mayafi. Ta kira shi da hannu, ta buɗe murfin, ta kai masa hanci. Ya shaƙa, ya lumshe ido, ya daɗe a haka.

"Masha Allah," ya ce.

Ta nuna kwanon ƙarya da tanderun katako. "Haram," ta ce.

"Haram," ya amsa, yana gyaɗa kai.

Ta nuna ƙofar baya, ta zana da'ira a sama da yatsa, wato rana. Ta nuna ƙirjinta. "Juma'a."

Ya yi ɗan tunani, ya dubi inda shugabansu yake, ya ɗaga kafaɗa. "Juma'a. Bismillah."

Da asubar Juma'a ta kwaɓa garinta a babbar robar da ta karɓa hannun mata masu shara a otal. Ta buga shi a durƙushe a kan dardumar ɗaki har gwiwoyinta suka mutu. Usta ya zo da ƙaramar motar kayansu, ya shigar da ita ta ƙofar baya da takardarsa. Zauren babu kowa, sai bayan masallaci ake buɗewa. Ta wuce kai tsaye rumfar Masar da abin cire ƙusa da ta ara wajen Usta, ta ɓamɓaro faya-fayanta ɗaya bayan ɗaya. Uku suka fashe. Bangon ya koma kamar fuskar mai zanzana. Ba ta ko waiwaya ba.

Farfajiyar baya wurin sauke kaya ce, kwalta da manyan motoci da ƙarar na'urori. A gefe ga tanderun Turkawa na jan bulo da dogon bututun hayaƙi. Ta barbaɗa dusa, ta cura, ta jera a kan faya-fayai, sauran a kan kwalaye. Da ta miƙe ta ji rana a bayan wuyanta, karo na farko cikin kwana shida, ta ce alhamdu lillahi. Usta ya hura mata wuta da itacen da suka zo da shi daga ƙasarsu, ya nuna mata matuƙin katako na zura gurasa, ya tafi masallaci.

Nan ta yi kuskuren da ba ta taɓa yi ba. Ta auna da inuwa, kamar a gida. Ta zaɓi inuwar wata mota ta ce idan ta kai bakin kwalbati ya yi. Amma ranar bakin teku ba irin tamu ba ce. Tamu busasshiya ce, tana ɗaga kwaɓi a hankali. Tasu jiƙaƙƙiya ce mai nauyi, ga kwalta na dafawa ta ƙasa. Inuwa ba ta yi rabin tafiya ba ta ga curin farko ya kumbura ya fara bajewa kamar kashin saniya. Ta yi salati. Ta tuɓe farar rigar Fir'auna, ta jiƙa ta da ruwan famfo, ta rufa wa jerin. A nan ne kaɗai rigar ta yi amfani.

Ta ruga tanderu ta watsa dusa a ƙasansa don gwaji. Dusar ta yi baƙi nan take. Wutar ta yi yawa, itacen ba karan masara ba ne, ba ya mutuwa da wuri. Tana buƙatar rabin sa'a ya huce, kwaɓi kuma ba zai jira ko minti goma ba. Ta goge ƙasan da jiƙaƙƙen tsumma sau uku, ta ciro ƙayar dabino daga bakin mayafinta, ta yanka kunnuwa huɗu-huɗu da sauri, ta ce, "Ya Rabbi, ka ga dai ba ni na zaɓa ba." Ta zuba.

Zubin farko ya ƙone. Na biyu da na uku sun tashi, sun yi ja, kunnuwa a tsaye, amma ƙasansu da baƙi-baƙi. Ta fasa ɗaya, tururi ya fito da ƙamshin tsami da alkamar Naga Sabra. Ta ɗanɗana. A gida da ba za ta fitar da ita zauren makoki ba. Amma tata ce, ko makaho ya sani.

A daidai lokacin minista da jakadu suna tsaye a rumfar Masar, suna kallon tabarma babu kowa da bango mai ramuka. Ustaz Medhat na ta bayani a kan fitilu. Shugaban rumfar Turkawa kuwa mutum ne mai hanci da wayo. Usta ya raɗa masa abin da ke faruwa, sai ya matso da fara'a ya ce wa manyan baƙi su zo su ga yadda zumunci yake da gaske. Ya ja su duka, da masu ɗaukar hotonsa, har farfajiyar baya. Suka tarar da tsohuwa cikin baƙaƙen kaya, fuska duk toka, tana ciro gurasa daga tanderu mai tutar Turkiyya a goshi. Aka yi ta tafi. Jakadiyar Indiya har da share ƙwalla.

Doktora Nermin ta kutso ta tsakiyarsu, tana murmushi da baki, ido kuwa kamar wuƙa. Ta kama hannun Ummu Haridi ta yi ƙasa da murya.

"Kin san abin da kika yi? Shekara guda muna wahala, kin ɗauki gurasarmu kin miƙa wa Turkawa a faranti. Gobe duk jaridu tutarsu za a gani."

"Su sun ba ni wuta. Ke ƙwan lantarki kika ba ni. Sakar mini hannu, akwai zubi a ciki."

"Ki ba mai girma minista ko guda ɗaya, a ɗauki hoto, mu rufa wa kanmu asiri."

"Tana da masu ita."

"Hajja, minista ne fa!"

"Ya ci ta jaka. Ai kin ce ba wanda zai gane."

Usta Nejdet kaɗai ta ba guda, mafi kyau a ciki. Ya karɓa da hannu biyu. Sauran ta jera a babban tiren Turkawa, ta naɗa gammo da tsumma, ta ɗora a ka, ta ratsa jakadu ta bi ta tsakiyar zauren sanyi. Ƙamshi na bin ta, mutane na darewa.

A babbar ƙofa ta tarar da abin da ba wanda ya gaya mata. Juma'a ranar iyali ce, ba a barin maza gwauraye su shiga. Mutanen Naga Sabra sun zo tun bayan salla cikin wankakkun riguna, masu gadi sun tsayar da su a bayan shingen ƙarfe. Suna tsugune a inuwar motarsu. A samansu ga fuskarta bene biyar da sunanta a ƙasa, kuma dukansu sun juya wa ƙyallen baya. Ba wanda ya ɗaga kai. Wannan ita ce karar da suka iya yi wa Haridi, kuma ta gani.

Haridi ya taso. Ya rame, ya yi baƙi, furfura ta fito masa a gefen kai. Shingen ya fi ƙarfin runguma, sai ya zuro hannu ta tsakanin ƙarafa ya kama nata ya sumbata.

"Bari wannan, za ta huce," ta ce. "Karɓi. Miƙa wa na bayanka. Ina mai bakin akuyar?"

"Ga ni, Ummu Haridi," in ji wani tsoho mai rawani, yana tasowa da ƙyar. "Ni fa wasa nake yi."

"Ci tukuna, sannan ka yi wasan."

Ta riƙa zura gurasa ta tsakanin ƙarafa ɗaya-ɗaya. Kowa ya karɓa sai ya sumbata ya kai goshi. Ba miya, ba cuku, ba ko albasa. Suka ci a tsugune. Wani ya juya fuska ga tayar mota yana taunawa. Abdurradi ya cinye rabi, ya juya sauran ya duba ƙasanta, ya ƙanƙare da farce.

"Gindin ya ƙone."

"Wutar Turkawa ce."

"Ta ɗan yi tsami kuma."

"Ranar masu mai ce. Akwai sauran ƙorafi?"

"Babu. Hannun dai naki ne. Waccan ta jaka ban san uwar da ta haife ta ba. Na janye maganata, kuma yau zan kira gida in faɗa da bakina."

"Ka kira. Ka fara da matarka, ita ce gidan rediyo."

Aka yi dariya, har da Haridi. Ya ci tasa a hankali, yana tsince ɓarɓashi daga tafin hannu. Da ya gama ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Umma, ƙyallen fa?"

"Ya fi ƙarfina, ɗana. Da hannuna zai kai da na yage shi."

Mai gadi ya zo ya ce motar ta daɗe a wurin. Duka-duka zaman bai kai minti arba'in ba.

Washegari da safe Ustaz Medhat ya kai ta filin jirgi, saura kwana tara a rufe taron. Ƙyallen bai sauka ba sai ranar ƙarshe. Sun sami wata mai shara a otal suka sa mata sabuwar riga da hular gashin, ta zauna a tabarma tana murza kwaɓi a ƙarƙashin sunan da ba nata ba, aka ci gaba da raba burodi a jaka. An ce rumfar ta samu lambar yabo saboda fitilu.

A Naga Sabra Abdurradi ya cika alkawari, ba wadda ta yi mata gori. Ta koma kan kwatarniyarta. Yanzu ta haura saba'in, gwiwa ta ƙi, 'yarta ta tsakiya ke buga mata kwaɓi, amma yankan kunne ba ta bar wa kowa ba. Idan mata suka tambaye ta labarin jirgi da dogayen gidaje, takan ce ba ta ga komai ba sai sanyi.

Haridi har yau bai samu hutu ba, shekara bakwai ke nan. Gurasa ta ƙarshe da ya ci daga hannun uwarsa ita ce waccan mai ƙonannen gindi, a tsugune a bakin titi, ta tsakanin ƙarafa. Ranar da aka yi maganar a gabanta ta ce sunan da suka rataya ta bar su da Allah, rigar ma haka. Amma mutanen da suka ɗauke ta daga gidanta da alkawarin rana da wuta, suka sa ta ciyar da ɗanta abin da ba za ta ba maƙwabci ba, waɗannan ko a lahira kada su zo neman yafiyarta.